Fuka: Numfashin da Talaka Ke Saya da Kuɗi

Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai fuka ba ya manta sautin nan. Wani siririn fito ne ke fitowa daga ƙirji, kamar yaro na hura sillen kara. Ni a gidan gwaggota na fara jin sa, a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, cikin hunturu, ranar da aka wuni ana sussukar gero a tsakar gida. Wajen ƙarfe biyun dare ɗanta mai shekara tara ya tashi zaune, ya dafe gwiwoyi, kafaɗunsa na ɗagawa, ramin maƙogwaronsa na lotsawa da kowane jan numfashi. Ta ce, "Ɗan nan, ina ke maka ciwo?" Ya kasa haɗa kalma biyu. Aka shafa masa man zafi, aka ba shi zuma da ruwan ɗumi, wata tsohuwa ta kawo garwashi da saiwa ta turara masa. Hayaƙin nan ya kusa ƙarasa shi. Da aka ga abin ya fi ƙarfin gida, aka buga ƙofar maƙwabci mai mashin, aka sa yaron a tsakiya, aka kama hanya cikin sanyi da ƙura. Allah Ya yi da sauran kwana. Da rana tsaka washegari yana tsakar gida yana wasa, har wasu na cewa dama iska ce ta taɓa shi.

Wannan lafawar da ciwon ke yi ita ke yaudarar mutane. Fuka, wadda likitoci ke kira asma, ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. A jikin mai ita, bangon waɗannan hanyoyi kullum a ɗan kumbure yake, ko da kuwa yana jin garau. Da zarar ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya tsuke, majina mai kauri ta cika su, iska ta rasa wurin wucewa. Shi ne fiton, shi ne tarin dare, shi ne ƙirjin da ake ji kamar an ɗaure da igiya. Tashin ciwon yakan lafa, amma kumburin na nan kwance kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Akwai wani ruɗani da sunan da kansa ya jawo mana. Da Hausa muna cewa fuka, muna kuma cewa tarin fuka, alhali cututtuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Tarin fuka, wato tibi, ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, ana warkewa bayan shan magani na wata shida, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Asma ba a ɗaukarta. Ko kofi ɗaya kuke sha da mai ita, ba za ta kama ka ba. Takan bi jini a wasu gidaje, ba a warkewa daga ita kwata-kwata, amma ana iya danne ta mutum ya yi rayuwarsa lafiya lau. Rashin bambance su ya sa ana ware wa mai asma kwano, ana ɓoye ciwon budurwa don kada manema su gudu, ita kuma ta ƙi riƙe maganin shaƙa a gaban mutane. Samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Birnin Kudu, da yawansu ba su san Paul Scholes na Manchester United da asmarsa ya buga duk wasannin da suke yabo ba.

In ka dubi yadda muke rayuwa a kudancin Jigawa, za ka ga mai fuka ba shi da lokacin hutu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne da ƙura da sanyin asuba. Kaka kuwa lokacin sussuka da shiƙa ne, ƙaiƙayin gero da dawa na tashi a kowane gida, sannan a bi gonaki da wuta. Mace na girki da icce ko kara a madafin da ba shi da taga, ga goyo a baya, hayaƙin da take shaƙa shi jaririn ke shaƙa. Da damina sauro ya yi yawa, a kunna maganin sauro na ƙonawa ko a yayyafa fiya-fiya, a rufe ƙofa a kwanta. Ga turaren wuta, wanda ba amaryar da za a ce ta bari ta ji daɗi. Ga kyankyasai, ga tsohuwar katifa, ga kaji da awaki a tsakar gida. Ɗan acaɓa da mai sayar da rake a bakin babban titin da ya ratsa Birnin Kudu suna wuni cikin hayaƙin tireloli. Har wasu magungunan ciwon jiki, irin su asfirin, suna tayar wa wasu masu asma da ciwonsu, kuma kowa ya san yadda ake sayen su a kemis kamar gyaɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, ta kuma kashe 455,000 a wannan shekara. Yawancin mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu suke faruwa, inda ba a gano ciwon da wuri kuma magani ke wuyar samu. A Nijeriya, wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta masu ita sun kai kimanin miliyan 13.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin sananne ne, ba kuma sabo ba. Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai na buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗi. Shi ne na lokacin da ciwo ya tashi, cikin 'yan mintuna yake aiki. Akwai kuma na rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa, wanda ake shaƙa kullum safe da yamma don kwantar da kumburin nan, a kuskure baki bayan an gama. A wajenmu shuɗin kaɗai aka sani. Na rigakafin, ko likita ya rubuta, sai a ce, "Lafiyarsa ƙalau, me zai sha magani?" Alhali tun 2019 GINA, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan asma, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin shi kaɗai, domin yana buɗe hanya ne kawai, ba ya taɓa tushen ciwon. Camfin da ke cewa wanda ya fara shaƙa ba ya iya dainawa, shi ma ba gaskiya ba ne. Wanda ke yawan buƙatar shuɗin, ciwonsa ne ba a danne ba. Ko a azumi malamai sun yi saɓani, kuma Ibn Baz da Ibn Usaimin suna cikin masu ganin shaƙar ba ta karya shi.

Sai dai faɗin haka ya fi yin sa sauƙi. A 2023 aka cire tallafin mai, darajar naira ta faɗi, sannan a watan Agusta kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkokinsa da kansa a Nijeriya. Kuɗin maganin ya ninka ninkin-ba-ninkin, wani lokaci ma a neme shi a rasa. Manomin da ke karkara, kamar Sara ko Basirka, wanda kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, ba zai sayi maganin wata-wata don ciwon da bai gani a fili ba. Ya gwammace ya jira. In ciwon ya tashi, a je wurin mai kemis a yi allura, ko a sayi 'yan ƙwayoyin nan masu sa kumburin fuska da lalata ƙashi in an daɗe ana sha. In ya yi tsanani a ɗauki shatar mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, wani lokaci har Asibitin Malam Aminu Kano. Kuɗin dare ɗaya na gaggawa, da mota da gado da iskar oksijin, ya isa sayen rigakafi na watanni. Ba a ma lissafa kwanakin makaranta da yaro ke rasawa, da ranakun noma da ke wuce magidanci.

A wasu ƙasashe ƙungiyoyin jinƙai ne suka tsaya a wannan giɓi. A Birtaniya akwai Asthma + Lung UK, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2020. Tana da layin waya da ma'aikatan jinya ke amsawa, tana tara kuɗin bincike, tana matsa wa gwamnati lamba kan gurɓatar iska. A nan gida akwai Gidauniyar Amaka Chiwuike-Uba a Enugu, wadda aka kafa don tunawa da matar da asma ta yi ajalinta a 2016, tana shirya taruka da wayar da kai. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Nijeriya ma takan fito duk Talatar farko ta watan Mayu, Ranar Asma ta Duniya da ake yi tun 1998. Amma muryoyin nan da Turanci suke, a manyan birane suke, ba su kai karkara irin Kantoga ba.

Kuma ba a ce Jigawa ba ta san aikin jinƙai ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun daɗe a Jahun suna kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi suna wajen tara zakka da rabonta. Ga ƙungiyoyin ci gaban gari, ga na tsofaffin ɗalibai, ga 'yan agaji, ga 'yan siyasa masu kawo duba lafiya kyauta na kwana biyu. Abin lura shi ne taimakonmu ya fi son ciwon da ido ke gani. In aka ɗora hoton mara lafiya a Facebook yana kwance, nan da nan za a haɗa kuɗi. Mai fuka kuwa da rana ba ya kama da mara lafiya, kuma abin da yake buƙata ba shi da armashi: 'yar gwangwani guda duk wata, shekara da shekaru, da wanda zai zauna ya koya masa yadda ake shaƙa.

Koyarwar nan rabin magani ce. Da yawa suna fesawa a baki, maganin ya tsaya a harshe bai kai huhu ba, sai su ce na jabu ne. Likitoci a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana iya maye gurbin bututun da ake saya da tsada. A huda gindinta daidai bakin maganin, a zura shi ya zauna daram, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tana ambaton wannan dabara. Ƙungiyar matasa guda za ta iya koya wa malaman firamare da na Islamiyya na gunduma ɗaya wannan a yini guda, tare da abin da za a yi in ciwo ya tashi: a zaunar da mutum kada a kwantar, a fitar da shi daga hayaƙi, a ba shi shuɗin fesa ɗaya-ɗaya har zuwa goma in da buƙata. In ya kasa magana, ko leɓɓansa suka canja launi, ko fiton ya ɗauke alhali yana fama, a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Ɗan gwaggon nan nawa yanzu saurayi ne, yana noman rani. Wani ɗan'uwa da ke aiki a Kano ne ya ɗauki nauyin maganin rigakafinsa, kuma ya yi shekaru bai kwana asibiti ba. Ba kowa ke da irin wannan ɗan'uwa ba. Don haka ga kwamitocin zakka na gundumomi, da shugabannin ƙungiyoyin gari, da masu hali na Birnin Kudu da Gwaram: ku tambayi ma'aikatan asibitocin unguwanninku su waye ke yawan zuwa da dare da sarƙewar numfashi, ku yi musu rajistar inshorar lafiya ta jiha, ku ware wani abu don maganin rigakafi, kuma ku yi shi kafin hazon bana ya sauka.