Maganin da ya sauƙaƙa aikin yanar ido, da dalilin da ya sa aka ajiye shi

Ranar kasuwa a Tuboro ko Mbaibum ba ka rasa mai 'yar kwalba yana rantsuwa cewa ɗigo uku na narkar da yanar ido. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya warke da ita ba. Amma akwai sinadarin da likitoci suka gwada da gaske, kuma masu tsofaffi a gida ya kamata su ji labarinsa.

Yana ba a saman ido take ba. Wani ɗan madubi ne a ciki, kamar ƙwayar wake, yake dusashewa, kuma zarurruka sirara kamar saƙar gizo ke riƙe da shi. A da, likita kan ciro shi ɗungurungum. Tsinka zarurrukan nan shi ne jidalin, balle ga wanda bai tsufa sosai ba, don nasa sun fi ƙwari.

A 1957 Dakta Joaquín Barraquer na Basalona, ƙasar Sifen, ya zuba wa wani majiyyaci alpha-chymotrypsin, sinadarin narkar da abinci da ake samu daga kayan cikin saniya, don ya narkar da jinin da ya taru masa a ido. Sai ya tarar madubin ya saki! Bai yi gaggawar shela ba. Ya yi ta gwaji har ya gane gwargwadon da za a tsarma shi, a 1958 ya sanar da duniya. Cikin 'yan mintuna zarurrukan kan narke, madubin ya fito salin-alin.

To, amma gwaji bai ƙare nan ba. Daga baya aka lura wasu kan samu hawan jinin ido na 'yan kwanaki, kuma bai dace da yara ba. Sannan aikin kansa ya sauya. Yanzu ana kwashe dusasshen ne kawai, a bar jakarsa, a sa madubin roba a ciki. Zarurrukan da ake narkarwa jiya, su ke riƙe da sabon madubin yau.

Nan ne nake jin tsoron masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinke. Su tsinka zarurrukan suke yi, su tura madubin can cikin ido. Tsoho ya ga haske ranar, a yi ta murna, bayan wata biyu ido ya kumbura, shi kuwa mai tsinken ya tsallaka Chadi.

Baffana, da muka hana shi zuwa wurinsu, sai da ya yi sati ba ya amsa gaisuwata. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Garwa. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Washegari da aka cire bandeji ya dube ni ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura haka?"