Magani a Matsayin Tushen Zane: Misali daga Ƙasar Gwandu

Galibin masu nazari kan ɗauki magani da zane a matsayin fannoni biyu da ba su haɗa hanya ba. Amma idan aka dubi ƙasar Gwandu, za a tarar cewa mai ba da magani ya daɗe yana aiki da layi da siffa.

Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa Masalih al-Insan a kan gyaran addini da lafiyar jiki. Malaman da suka biyo bayansa sun riƙi alƙalami a matsayin kayan jiyya. Akan yi rubutu a allo da tawadar gawayi da ƙaro, a wanke, majiyyaci ya sha. Wani lokaci akan haɗa da hatimi, alal misali mai gida 9, wanda kowane layinsa ke tashi 15, kuma littattafan ɗibbu na Larabci sun ambace shi wajen sauƙaƙa naƙuda. Watau ke nan zane ne da ake tsarawa da kyau domin a wanke shi.

Haka nan wanzami, a Gwandu ko a Kalgo. Ban da tsagar gado, akwai tsagar magani da sawun ƙaho, waɗanda ke barin tarihin cuta a fatar mutum.

Cewa irin wannan gado na iya haifar da zanen zamani, an ga shaida a Sudan. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin allo ne, kuma daga haruffan Larabci ya gina salonsa. Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya shiga zane a kan kwalayen magungunansa, aka baje su a New York a 2022.

Sai dai akwai hanzari biyu. Na farko, aya ba kayan ado ba ce; abin da ya kamata mai zane ya ara shi ne tsari da daidaito, tare da shawarar malamai. Na biyu, tsaga tana gushewa, musamman tun da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro ita. Siffofinta za su tafi tare da tsofaffin wanzamai muddin ba a taskace su ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, don haka ɗalibanta ne mafi kusa da wannan aiki.