Ba ki da mota amma jaririnki na shiga mota: wace kujera ce ta dace da ku?

Ranar riga-kafi, idan na gama auna jariri na rubuta nauyinsa a kati, nakan tambayi uwar da me suka zo. Wata ta ce ɗan sahu, wata ta ce Bolt ta kira, wata kuma ƙanin miji ne ya sauke su zai wuce kasuwa. Da na kawo maganar kujerar yaro ta mota, amsar kusan ɗaya ce, da dariya: "Haba Sista, mu da ko taya ba mu ajiye ba?"

Gaskiya ne ba ki ajiye mota ba, 'yar uwa. Amma ƙirga sau nawa ɗanki ya shiga mota tun ranar da aka sallamo ku daga asibiti: tafiya gida wanka, komawa ɗaki bayan arba'in, riga-kafin sati 6 da 10 da 14, biki, gaisuwa, zuwa sallah daga Abuja zuwa Kaduna ko daga Kano zuwa Katsina. Duk a kan cinyarki. Ni ma haka na yi da 'yata ta fari. Sai da aiki ya kai ni sashen gaggawa na ga abin da ya sauya mini tunani: uwa ta ɗaura bel ta fito da 'yar ƙujewa, yaron da ta rungume kuwa shi ne a kan gado ana neman ceto ransa.

Me ya sa hannun uwa bai isa ba?

Idan motar da ke gudun kilomita 50 a awa ta yi karo ta tsaya nan take, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. Ƙarfin bugun ya yi daidai da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene hawa uku. Babu hannun da zai riƙe yaro a wannan ƙiftawar ido, komai son da ake masa. Kilomita 50 kuwa gudun cikin gari ne, ba na babbar hanya ba.

Jikin jariri ma ba irin namu ba ne. Kansa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, ga nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa ake son kujerarsa ta kalli baya: idan aka yi karo ta gaba, bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, maimakon kan ya fizgu gaba. Hukumar kula da tsaron hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwar jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya da kashi 71 cikin 100, na ɗan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54.

Kada kuma ki zagaya bel ɗaya ke da yaron tare. In aka ci burki da ƙarfi, nauyinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin.

Zaɓin mai mota daban, naki daban

Mai mota sau ɗaya take ɗaura kujera ta bar ta wata da watanni. Ke kuwa kowace fita sabuwar mota ce, direba na danna hon, ga yaro a hannu ga jaka a kafaɗa. Kujerar da ta fi miki ita ce wadda za ki iya ɗauka ke kaɗai, ki ɗaura a kowace mota cikin minti biyu zuwa uku. Tsada ko yawan ado ba su ne abin dubawa ba, domin kujerar da ta yi nauyi a bayan ƙyaure za ta ƙare.

Abu na farko da za ki tambayi mai shago: shin tana ɗauruwa da bel ɗin mota kaɗai? Wasu kujerun sai an maƙala su a wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a lungun kujerar baya, waɗanda ake kira ISOFIX a motocin Turai, LATCH a na Amurka. Tsari ne mai kyau ga mai mota, amma tsofaffin motocin haya da yawa ba su da shi. Wasu kuma sai an fara kafa wani gindi na daban a mota sannan a ɗora su a kai. Duk wadda ba ta ɗauruwa sai da ɗayan waɗannan, ba taki ba ce.

Na biyu, ɗaga ta da hannu ɗaya a cikin shagon, ki tuna akwai yaro da jaka da za su ƙaru. Na uku, duba faɗinta. Siririya ta fi sauƙin shiga kujerar baya tare da sauran fasinjoji.

Daga haihuwa zuwa shekara da 'yan watanni

A wannan matakin abin da sauƙi. Akwai ƙaramar kujera mai marikin hannu kamar kwando, nauyinta kilo 3 zuwa 5, yawanci tana ɗaukar yaro har kilo 13. Kina iya ɗaure jariri a ciki tun daga ɗaki, ki fito da shi, bel ɗin mota kawai ya rage. Bel ɗin cinya yana bi ta saman ƙafafun yaro ta wasu maƙalai masu launi, shuɗi a tsofaffin samfurin Turai, kore a sababbi, na kafaɗa kuma ya zagaya bayan kujerar.

Za ki ga masu taya da ke rikiɗewa su zama keken turawa, irin su Doona. Suna da daɗi a filin jirgi da kan kwalta, amma sun fi nauyi, ga tsada, ga jabu a kasuwa. Idan layinku yashi ne da kwata, tayar ba za ta amfane ki ba.

Katin riga-kafi shi ne abokin shawararki. Yawancin jarirai suna ninka nauyin haihuwarsu wajen wata 5 zuwa 6, su kai kilo 9 zuwa 10 a shekara ɗaya. Sai dai galibi tsayi ne ke fara fitar da yaro daga kwandon kafin nauyi. Idan tsakanin saman kansa da bakin kujerar bai kai santimita biyu da rabi ba, ko ya wuce iyakar da aka rubuta a jikinta, lokacin canji ya yi. Idan bakwaini ne ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ki kai kujerar asibiti a gwada shi a ciki kafin sallama, saboda numfashi.

Idan ya fi ƙarfin kwando

Nan ne iyaye da yawa ke sarewa su koma cinya, domin kujerar mataki na biyu ba ta da mariki, wasu kuma sun haura kilo 10. Nemi mara nauyi wadda ke iya kallon baya da farko, daga bisani a juya ta gaba, wadda ke kaiwa kilo 18, wato wajen shekara 4. Idan kuɗin kujera ɗaya gare ki, kuma jikinta ya nuna tana ɗaukar sabon haihuwa, kina iya fara da ita tun farko ki tsallake kwandon.

Kada ki yi saurin juya shi ya kalli gaba. Ƙa'idar Turai ta R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana juyawa kafin wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tana ba da shawarar a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar kujerarsa. Kakarsa za ta ce ƙafafunsa sun takure. Ki kwantar mata da hankali: yaro ya saba tanƙwashe ƙafa, wuya da laka su ne abin tsoro.

Daga wajen shekara 4, idan ya wuce kilo 15 kuma yana iya zama ba mutsu-mutsu, sai kujerar ƙarin tsayi wadda ke ɗaga shi don bel ɗin manya ya bi ta kafaɗa da cinya, ba ta wuya da ciki ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma dole motar ta kasance da bel mai kafaɗa. Zai ci gaba da ita har tsayinsa ya kai santimita 135 zuwa 150. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma tana jan kunne cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsa.

Sabuwa ko ta gwanjo?

Na san da yawanmu gwanjo za mu nufa, don haka ga abin dubawa. Juya kujerar ki nemi takardar shaida: ta Turai ruwan lemo ce mai harafin E cikin da'ira, da R44/04 ko R129, ta Amurka tana ɗauke da FMVSS 213. Babu shaida, babu ciniki. Duba ranar da aka ƙera ta, domin yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba kujera, roba kuwa zafin rana na cinye ta. Cire rigar ki duba tsagewa ko farin tabo a jikin robar, ki ja igiyoyin ki ga ba su zare ba, ki danna maɓallin ki ji ya kama. Matsalar gwanjo ita ce ba ki san ko ta taɓa yin hatsari ba, kuma lahanin ba lallai ya fito a ido ba. Ta yayarki ko maƙwabciya da kika san tarihinta ta fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma wani tufkakken yadi mai igiyoyi da ake tallatawa a intanet da sunan kujerar tafi-da-gidanka. Ba shi da ƙashi, ba shi da shaida. Ki bar shi.

Ranar tafiya

Ki koyi ɗaurin tun kafin ranar. Roƙi wani mai mota a gidanku ki gwada sau biyar har hannunki ya saba. Sunan samfurin da ke jikin kujerar zai kai ki ga bidiyon kamfanin a wayarki.

Bayan kin ɗaura, kama kujerar daidai inda bel ya bi ki girgiza. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Idan samfurin Amurka ce a motar Amurka, ja bel ɗin har ƙarshe ki sake shi a hankali, za ki ji yana ƙas-ƙas, ya kulle ke nan. Igiyoyin yaro su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan idan baya yake kallo, ki matse har ki kasa tsunkuno su da yatsu biyu. Sabon haihuwa ya kishingiɗa sosai, kada haɓarsa ta faɗo kan ƙirji. Kujera mai kallon baya ba ta zama a gaba inda jakar iska ke fitowa. Bugunta kaɗai na iya kashe jariri.

Idan Bolt ko Uber ne, faɗa wa direba tun a waya cewa kina da kujerar yaro, ya zaro bel ɗin baya, don sau da yawa an cusa su ƙarƙashin kujera. A tasha kuwa, leƙa motar kafin ki biya, ki nemi gefen da bel ɗinsa ke aiki, ki biya wa yaron kuɗin mazauninsa. Ɗan kamasho zai ce, "Hajiya, ki riƙe shi mana, a sa wannan a but." Ki yi murmushi ki ce kin biya. In ku uku ne ko huɗu 'yan gida ɗaya, lissafa kuɗin shata, wani lokacin bambancin ba yawa.

Da zafi, taɓa ƙarfen maɓalli kafin ya taɓa fatar yaro. Da hunturu, cire masa rigar sanyi mai kauri, ki ɗaure shi, sannan ki lulluɓa bargo a sama. A doguwar tafiya ki fito da shi duk bayan awa biyu ya miƙe ya sha nono. Kada ki ciro shi don shayarwa mota na gudu. Idan kun isa, shimfiɗa ce wurin barcinsa, ba kujerar ba.

A daidaita sahu fa?

Ba zan yaudare ki ba: babu bel a ciki, babu ƙofa, don haka babu inda kujera za ta kama. Ajiye ta a gefenki haka kawai ba kariya ba ce. Idan ya zama dole, tafiyar ta zama gajeruwa, ki sauke goyo ki dawo da shi gaba don kada ya matse tsakaninki da ƙarfe, ki zauna a tsakiya, ki ce wa ɗan sahun ya bi a hankali ko da za ki ƙara masa wani abu. Duk tafiyar da za ta hau babban titi, mota mai bel ta fi. Babur kuwa, a nisanta jariri da shi iya iyawa.

Sauran magana kuɗi. Ranar suna turamen atamfa da bahon wanka kan taru har a rasa wurin ajiya. Idan kina da ciki yanzu, ki faɗa wa 'yan uwa da ƙawaye tun da wuri su haɗa kuɗin barkarsu a saya kujera, ko ki ware mata kwasar adashi ɗaya. Kujera guda tana iya yi wa ɗanki, ta yi wa ƙaninsa, ta zaga gidan kishiyar sauri kafin wa'adinta ya cika. Allah ne mai tsarewa, mu kuma an ba mu amana mu yi namu ƙoƙarin. Allah Ya raya mana su, Ya kai mu duk inda za mu lafiya.