Tsufa a Tamanrasset: Haƙƙin da Ke Jiran Takarda

Tamanrasset gari ne da ke zaune a gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 kudu da Aljiyas, babban birnin Aljeriya, alhali tsakaninsa da In Gezzam, bakin iyakar Nijar, kimanin kilomita 400 ne kawai. Agadas ta fi kusa da shi fiye da fadar gwamnatin ƙasarsa. A kasuwanninsa da unguwanni irin su Tahaggart ana jin Buzanci da Larabci da Hausa a rumfa ɗaya, kuma lokacin baje kolin Assihar fatake daga Nijar da Mali kan cika garin. Tsofaffin da ke wannan wuri ba iri ɗaya ba ne. Akwai Buzayen Kel Ahaggar da aka haifa cikin tanti, akwai ma'aikatan gwamnati da suka zo daga arewa suka yi ritaya, akwai waɗanda farin 1973 da na 1984 ya kore su daga Azawak da Ayir bayan dabbobinsu sun ƙare, akwai kuma Hausawa 'yan ci-rani da suka zo da niyyar yin damina biyu, furfura ta riske su a can. Abin da ya raba rayuwarsu a yau, kafin dukiya ko yawan 'ya'ya, shi ne takarda: wanda ke da ita da wanda ba shi da ita.

Dole a yi wa Aljeriya adalci, domin a rubuce ta yi wa tsofaffinta tanadin da maƙwabtanta na kudu ba su kai ba. Tun 1974 magani a asibitin gwamnati kyauta ne. A ƙarshen Disambar 2010 ta kafa doka mai lamba 10-12 don kare duk wanda ya kai shekara 65. Dokar ta ɗora wa 'ya'ya kula da iyayensu, ta ce hukuma ta tallafa wa iyali matalauta masu riƙe da tsoho, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya yasar da shi. Tsohon da ba shi da fansho ko wata hanyar samu yana iya karɓar tallafin wata-wata, wanda ya daɗe a kan dinari 3,000 kafin a ɗaga shi zuwa 7,000 a 2023. Kuɗin ba su da yawa, amma suna zuwa da katin Chifa, wanda mai hawan jini ko ciwon suga ke karɓar maganinsa da shi a kanti. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan yana fara ne daga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a rugar makiyaya zamanin Faransa, kwana da kwanaki a raƙumi daga ofishin rajista mafi kusa, ta yaya zai nuna ranar da ya cika 65? Wanda danginsa suka yi kiwo tsakanin Ahaggar da Ayir tun kafin a shata iyaka, wace ƙasa za ta ce nata ne ba tare da gardama ba? Masu shekarun da suka fi kowa buƙatar dokar su ne aka haifa lokacin da rajista ta fi ƙaranci.

Misalin da ya fi ciwo yana In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da garin. A cikin dutsen Tan Afella, Faransa ta yi gwajin makamin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1961 da 1966, kuma ranar 1 ga Mayun 1962 ɗaya daga cikinsu ya fasa dutsen, gurɓatacciyar ƙura ta fito fili. 'Yan yankin da aka ɗauka leburanci a wurin, da makiyayan da ke kewaye, su ne tsofaffin yau, idan suna raye. A 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya da ake kira dokar Morin, amma mai nema sai ya kawo shaidar cewa yana wurin a lokacin, da takardun likita masu nuna cutarsa tana cikin jerin da aka amince da shi. Lebura marar karatu da ya yi aikin yini shekara sittin da suka wuce ba ya ajiye irin wannan shaida. Shi ya sa 'yan Aljeriyar da suka samu diyyar ba su taka kara sun karya ba, kuma kowace shekara masu haƙƙin raguwa suke.

Za a ce ai a ƙasar Buzaye da Hausawa tsoho ba ya wulaƙanta, zumunci ya ishe shi. Akwai gaskiya a ciki. Har yau kunya ce babba a ce wani ya kai mahaifinsa gidan tsofaffi, kuma girman dattawa a bayyane yake a garin: kiɗan imzad, wato gogen Buzaye mai tsirkiya ɗaya da mata kaɗai ke kaɗawa, ya kusa ɓacewa, tsofaffin mata ne suka koya wa 'yan mata shi a gidan Dar el Imzad, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013. Amma zumuncin da ke ciyar da tsoho a dā yana tsaye ne a kan garke da rijiya da dangi a wuri ɗaya. Fari ya ci garken, zaman gari ya maida komai na kuɗi, samari kuwa aiki ya yi musu wuya. Ɗan da ke son uwarsa amma ba shi da albashi ba zai iya sayen allurar suga duk wata da girmamawa ba. Masu ɗaukar nauyin kuma galibi mata ne, 'ya ko suruka, kuma babu mai lissafa wahalarsu.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ba Aljeriya ce za ta ciyar da tsofaffin Nijar da Mali ba, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Wannan haka yake. Laifin farko na ƙasashen da suka bar talauci ya tura mutanen Kance da Matamaye cikin hamada ne, har mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit a Oktoban 2013. Amma ikon tsare iyaka bai halatta komai ba. Tun yarjejeniyar 2014 tsakanin Aljeriya da Nijar ake kwaso 'yan Nijar, a bi da su ta Tamanrasset zuwa kudu, sauran baƙi kuma akan sauke su a fili, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka a Nijar. Tafiyar da ke gajiyar da saurayi tana iya kashe mai shekara saba'in. Kuma dattijon da ya yi shekara talatin yana gini ko gadi ko ɗinki a garin, ya zauna da maƙwabta lafiya, bai dace a haɗa shi da wanda ya shigo jiya ba. Tsoron kamu ma kaɗai yakan hana shi zuwa asibitin da zai karɓe shi.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙasar da ta ja ruwa kilomita 750 daga In Salah zuwa Tamanrasset a 2011 ba. Jami'an rajista su bi tsofaffi har ƙauyuka irin su Abalessa da Idles da rugage, a karɓi shaidar masu unguwa da dattawan ƙabila inda takarda ta ɓace, a sa masu jin Buzanci da Hausa a ofisoshin walwala. Baƙon da ya tsufa a garin a ba shi izinin zama da damar magani, wanda kuma ke son komawa gida ofishin jakadancin ƙasarsa ya yi masa takardu, a kai shi cikin mota har garinsu.