Falkland ko Malvinas: kalmar jarida da hukuncin mai karatu

Ranar 2 ga Afrilu 1982 sojojin Ajantina suka sauka a wasu tsibirai na kudancin tekun Atlantika, waɗanda Ingila ke riƙe da su tun 1833. Jaridun Landan suka kira abin mamaya, na Buenos Aires kuwa suka ce ƙwato haƙƙi ne. Kalmar farko ta mayar da Ajantina azzaluma, ta biyu ta mayar da ita mai biɗar kayanta, alhali mafi yawan masu karatu ba su taɓa ganin wurin ba.

Sunan wurin ma yakan nuna ɓangaren mai rubutu. Wanda ya rubuta Falkland ya bi bakin Ingila. Malvinas na Ajantina kuwa daga Malouines na Faransanci ya samo asali, saboda matuƙan jiragen ruwa na Saint-Malo.

Da Ingila ta nutsar da jirgin yaƙi General Belgrano ranar 2 ga Mayu, mutum 323 suka mutu. Jaridar The Sun ta buga kanun labari mai kalma ɗaya, "Gotcha", wato "mun kama ku", irin furucin da yara ke yi a wajen wasa. Mamatan ba su samu gurbi a cikinta ba. Da girman asarar ya fara bayyana, jaridar ta sauya kanun a bugun da ya biyo baya.