Raunin Gaba, Yurik Asid da Zuciya: Wa Ke Jan Wa?

A bakin tasha, mai magani na tsaye bayan motarsa da lasifika, yana jero cututtukan da kwalbarsa ke kawarwa: basir, sanyin mara, rashin kuzari wurin iyali. Magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai ya raɓo kamar wucewa zai yi, ya miƙa kuɗi, ya cusa kwalbar a aljihun babbar riga. A ransa basir ne ya kashe masa jiki. Da wuya ya kawo cewa abin da ke damunsa da dare na iya zama saƙon farko daga jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa.

Miƙewar gaba aikin jini ne. Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa da ke fitar da sinadarin nitirik oksaid, shi ne ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe, jini ya kwararo. Gano wannan ne ya kai Furchgott da Ignarro da Murad ga kyautar Nobel a 1998, shekarar da Amurka ta amince da Viagra, maganin da kamfanin Pfizer ya fara gwadawa don ciwon ƙirji. Jijiyoyin gaba faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Idan shimfiɗar nan ta soma lalacewa, kitse na maƙalewa a bango, ƙaramar hanya ce ke fara cushewa. Shi ya sa likitoci, musamman Montorsi da abokan aikinsa a Italiya, suka lura cewa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da kamar shekara biyu zuwa biyar. Kuma abin ya zama ruwan dare: binciken Massachusetts na 1994 ya samu kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 da wani mataki na wannan rauni.

To ina yurik asid ya shigo? Tarkace ne da jiki ke bari bayan ya narka sinadarin furin, wanda ke cikin ƙwayoyin jikinmu da kuma abinci, musamman hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Ƙodar mutum ce ke fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya haura miligiram 7 a kowace desilita ta jinin namiji, an ce ya yi yawa, kuma yana iya daskarewa ya zama kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa. Wanda ya taɓa ganin mai ciwon gawut ba ya mantawa: mutum ya kwanta lafiya lau, cikin dare babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi salati. Maza ne suka fi kamuwa, domin kafin mace ta daina al'ada jikinta ya fi saurin fitar da sinadarin.

Bincike da dama sun nuna cewa masu gawut sun fi sauran maza fama da raunin gaba, haka kuma masu yawan yurik asid sun fi samun hawan jini da ciwon zuciya. Akwai ma bayani mai ma'ana: a gwaje-gwajen ɗakin bincike, yawan sinadarin na rage nitirik oksaid, yana kuma tayar da kumburi a bangon jijiya. Daga nan wasu suka yanke cewa an kama ɓarawo.

Ni dai ban gamsu ba, kuma dalilina na cikin binciken da ya biyo baya. Masu nazarin Framingham sun ruwaito a 1999 cewa da aka cire tasirin shekaru da hawan jini da ƙiba da magungunan da ke sa fitsari, alaƙar yurik asid da ciwon zuciya ta dushe. Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne ALL-HEART a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2022: kusan mutum 6,000 masu ciwon zuciya amma marasa gawut, aka ba rabinsu alofurinol, maganin rage yurik asid. Yurik asid ya sauka, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ba su ragu ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne yurik asid ɗan rakiya ne. Teɓa, ciwon suga, hawan jini da gajiyar ƙoda su ne ke ɗaga shi, su ne kuma ke lalata jijiyoyin gaba da na zuciya a lokaci guda. Wannan bai rage masa daraja ba a wurin mai gawut, wanda dole ya sha maganinsa, kuma ga sauran mutane alama ce mai arha da awon jini ɗaya ke nunawa.

Abin da ke ciyar da matsalar a garuruwanmu ba ɓoyayye ba ne. Mun rage tafiyar ƙafa, mun koma babur da mota da zaman shago. Tsire da farfesun kayan ciki sun zama abincin kowane dare ga mai hali. Wanda aka fi rainawa shi ne lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari, domin furuktos da ke cikin sukari yana sa hanta ta ƙara samar da yurik asid. Giya ma haka, ga masu sha.

Kwalbar bakin tasha ce ta fi tayar mini da hankali. Hukumomin magunguna, har da NAFDAC, sun sha gargaɗi cewa wasu magungunan ƙarfin maza da ake kira na gargajiya ana cakuɗa su da sildenafil, sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ba. Mai shan maganin ciwon ƙirji dangin naitret, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Ko ma kwalbar ta yi aiki, ta rufe bakin mai gargaɗi ne kawai, jijiya na ci gaba da cushewa. Maimakon kashe kuɗi a kan kwalba, gara magidancin nan ya je asibiti a auna masa hawan jini da suga da kitsen jini da aikin ƙoda, a ɗora da yurik asid, ya kuma daure ya gaya wa likita ainihin abin da ya kawo shi.