Bayan An Sallama: Wasiƙar Imel a Gwanjon Intanet

A kasuwar shanu ta Wudil, wadda mutanen Gaya da Ajingi ke ci duk ranar Juma'a, ciniki ba ya ƙarewa da faɗin "na sallama". Dillali yana nan tsakani. Ya san mai dabba, ya san mai saye, ya karɓi la'ada, in rigima ta taso kuma shi za a nema. Gwanjon intanet irin na eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, ba shi da wannan mutumin. Da zarar wa'adin tayi ya cika, amana ta koma kan saƙon da mai kaya zai rubuta.

A matsayina na mai nazarin harshe, a nan nake hango cikas. Bahaushe ba ya shiga magana sai ya tambayi gida da gajiya. To, idan matashin Ajingi mai sayar da huluna ya kwashi wannan ladabi ya zuba cikin Turanci, Baturen da ya sha ganin wasiƙun 'yan 419, masu buɗewa da doguwar gaisuwa da addu'a, sai ya tsargu, alhali laifin na wasu ne. Ko da PayPal ta shigo Nijeriya a 2014, damar biya kawai ta ba mu, ban da karɓa.

Shawarata ga matasanmu, gaisuwa ta tsaya a layi guda. Sai sunan kaya, farashi, kuɗin aikawa, da ranar da za a kai su gidan waya. In an kai, a tura wa mai saye lambar rasit a ranar.